Tana Nan

"Mai ƙanƙara!" in ji Malamar banki, idonta na kan rajista.

Mai roba ta buɗe baki. Har ta ja numfashi, sai wata siririyar murya ta riga ta daga can ƙarshen tabarma.

"Tana nan."

Mai turare ce, yarinyar da ba ta daɗe da shiga ƙungiyar ba. Ta miƙa hannu ta zuba biyan makon a cikin tiren da ke tsakiya, nata da na wadda ta amsa wa, ta koma ta zauna tana gyara mayafi. Mai roba ta mayar da buɗaɗɗen bakinta hamma, don kada a gane. An dai gane. Mai gwanjo ta zunguri Mai manja da gwiwar hannu, su duka suka sunkuyar da kai.

A wannan ƙungiya ta matan layin, banki ba ya karɓar jingina. Ba fili, ba gida, ba sarƙar wuya. Mace ita ce jinginar 'yar'uwarta. Kowacce tana da mai amsa mata: in an kira ki ba kya wurin, ita za ta ce "tana nan," ta zuba abin da ya kamata ki zuba, ku daidaita daga baya. In kuwa aka kira mace aka ji shiru, ƙungiyar ce duka ta yi fashi, babu mai ƙara ganin rance sai an gyara. Malama da sana'a take kiran su, saboda ranar da ta fara zuwa ta tarar rabin matan suna ɗaya suke amsawa. Tun daga nan sunayen suka bi su har gida.

Shekara da shekaru Mai roba ce ke amsa wa maƙwabciyarta, Mai ƙanƙara. Ita ce ma ta kamo hannunta ta kawo ta barandar da ake taron, lokacin da mijin ya rasu ya bar ta da ɗaurin tsintsiya da take jerawa a ƙofar gida. A lokacin Mai tsintsiya ake kiran ta. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, gajeriya, irin wadda ake miƙa gishiri da ashana ta kanta. Kullum safiya Mai tsintsiya kan share ƙofar gidanta ta zarce har ta Mai roba, in an yi mata godiya ta ce, "Talla nake yi, a ga aikin kayana."

Sai aka zo kan babban rance, wanda ake ba mace ɗaya tak a shekara, kuma mata ne ke zaɓa da ɗaga hannu. Mai roba ta daɗe tana mafarkin rumfa mai rufin kwano, inda rana za ta daina cinye launin bokitanta. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa akwai mai neman abin ba sai ita. Kwatsam Mai tsintsiya ta miƙe, tana murza gefen zani, ta ce ita firiza take so, za ta sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, tunda duk layin babu mai yi. Hannuwa suka tashi. Na Mai roba ma ya tashi, ya kai daidai kunne, ya tsaya a nan yana gyara ɗankwali.

Maƙwabciyar ta gani. Mako na zagayowa ta gaya wa Malama ta canza mai amsa mata. Shara kuma ta riƙa tsayawa daidai iyakar gidajen biyu, kamar an ja layi da alli.

Kowa ya koma kiran ta Mai ƙanƙara, ban da mutum ɗaya.

"Ya jikin Umma?" Mai manja ta tambayi Mai turare bayan an tashi taro, don haka yarinyar ke kiran Mai ƙanƙara.

"Da sauƙi za a ce, Anti. Ƙafafun ne dai sun ƙara kumbura. Likita ya ce mu dawo gida mu ci gaba da addu'a."

"Umma," Mai roba ta maimaita ƙasa-ƙasa, tana neman takalminta cikin tarin takalma. "Ikon Allah. An haifi mutum da haƙoransa da jakar turarensa."

Mai gawayi, tsohuwar da ake taron a barandarta, kunnenta ya yi nauyi. Ta karkato kai. "Wa ya haihu?"

"Ba kowa, Iya. Da takalmina nake magana."

A gida, firizar ce ta tarbe ta. An jingina ta ne da katangar, daidai bayan inda Mai roba ke zama ta jera kayanta, saboda haka gurnaninta a cikin bayanta yake sauka. Ta san lokacin da take hutawa, ta san ƙaramar girgizar da take yi kafin ta sake tashi. Ta san ƙarar murfin in an buɗe, ta kuma san sau nawa ake buɗewa in rana ta yi zafi, ko da yake ta sha gaya wa kanta ba ƙirgawa take yi ba. Masu shayi, masu lemo, matan da yaransu ke zazzaɓi, duk ta gaban robobinta suke wucewa da kwanoninsu. Wasu ma a wurinta suka sayi kwanonin.

Tun da ciwon ya kwantar da mai firizar, Mai turare ce ke sallamar su. Makullin firizar na rataye a wuyan hannunta da jan zare, yana kaɗawa in tana tafiya. Mai roba ba ta san wanne ya fi ƙona mata rai ba, firizar, ko makullin, ko yadda yarinyar ke ɗaga labulen ɗakin ta shige ba tare da sallama ba.

"Ki shiga ki gaishe ta mana," mijinta ya ce da ita rannan, yana wanke hannu bayan ya dawo daga shagon kafinta. "Matar nan jikinta ba daɗi. Ko ba komai maƙwabciya ce."

"Na je."

"Yaushe?"

"Na je, aka ce min tana barci."

Gaskiya ne ta je. Ta tsaya a bakin labule, yarinyar ta fito tana tafiya a kan yatsun ƙafa, ta ce, "Anti, yanzu ta samu barci, ko za ki dawo?" Mai roba ta dube ta sama da ƙasa. Ɗakin nan da ta san inda ake ajiye allura a cikinsa, yau ita ake ba izinin shiga. Ta ce, "In ta tashi ki ce ana gaida Mai tsintsiya." Ba ta koma ba.

Ana haka wutar layin ta lalace. Wani abu ne ya fashe a kan falwayar da ke bakin titi da tsakar rana, da ƙara da hayaƙi, aka ce sai an kawo sabo daga nesa. Firizar ta yi ajiyar zuciya ta yi shiru.

Ranar farko Mai roba ta ji wani ɗan sanyi a ranta, wanda ba za ta iya gaya wa kowa ba. Ta jera bokitai tana 'yar waƙa. Masu kwanoni suka zo suka koma da kwanoninsu a kife. Zuwa washegari ruwa ya fara biyowa ta ramin da ke ƙasan katanga, siriri, mai sanyi da farko, daga baya ɗumi. Jarin maƙwabciyar ne ke wucewa ta tsakar gidanta zuwa kwata. Ta ɗauke tabarmarta daga hanyarsa, ta tsaya tana kallo, waƙar ta mutu a bakinta.

Da firizar ta daina gurnani, sai katangar ta fara kawo wasu sautukan. Tari. Ƙarar gadon ƙarfe in an juya mara lafiya. Da kuma wata murya da ta ƙanƙance har Mai roba ta kusa kasa gane ta.

"Ko ɗan guntu ne... in tsotsa."

"Umma, duk ta narke. Ga ruwa."

"Ba ya wucewa. Ƙanƙara nake so."

"Na zaga layin nan duka, wallahi ba mai ita."

Mai roba ta ja tsaki. Layin nan! Yarinyar da iyakar saninta layin nan, ita ce wai mai amsa wa mutum a gaban banki. Ta shiga cikin kayanta ta zaro wata ƙaramar kula sabuwa, ja, har da ledarta. Tun da ta fara sana'a ba ta taɓa taɓa kayan sayarwa don amfanin kanta ba. Ko bokitin wankanta sai da ya tsage ta ɗinke shi da waya. Ta yage ledar da haƙori.

Ta wuce shagon magani, babu. Ta wuce mai lemon bakin tasha, ya nuna mata kwalabensa suna iyo a ruwan ɗumi. Sai can bayan kasuwa, wurin mai kifi da ke da janareta, ta samu.

"Ke da maƙwabciyarki ce uwar ƙanƙara, kike zuwa wurina?" ya ce yana sara da adda.

"Ka sara min ta tsakiya, inda ba ta taɓa kifi ba. Mara lafiya za a ba."

"Ta tsakiya da tsada."

"Na tambaye ka kuɗi?"

Ta dawo da kular rungume a ƙirji, gumi na bin bayanta. Mai turare ta tare ta a bakin labule kamar wancan karon.

"Anti, tana ɗan hutawa ne..."

"Matsa."

Ɗakin ya yi duhu, yana warin magani da turaren yarinyar. Matar da ke kan gadon ta zama rabin kanta daga ƙugu zuwa sama, ƙafafun kuma sun yi suntum a kan matashi. Leɓunanta sun tsattsage. Amma idanun na nan yadda suke, masu saurin gano abin dariya.

"Wa nake ji yana yi wa 'yata tsawa?"

"Ni ce."

"Roba? Hanya kika ɓata?"

"Ƙanƙara na kawo wa Mai tsintsiya. Na ji an ce kamfanin ya durƙushe."

Mara lafiyar ta fara dariya, dariyar ta juye tari. Mai roba ta zauna a bakin gado, daidai wurin da katifar ta lotsa saboda zaman wata. Ta naɗe guntun ƙanƙara a tsumma mai tsabta, ta daddaka da bayan cokali.

Yarinyar ta matso. "Anti, kawo in ba ta, na san yadda take so."

"Kin san yadda take so?" Mai roba ba ta ko ɗago ba. "Ranar da ta haifi ɗan nan nata direba, wa ya riƙe mata kafaɗa? Ke a lokacin ko cikinki ba a yi ba."

"'Yata," in ji mara lafiyar, "je ki tsane ruwan firizar nan kada ta yi tsatsa. Ki bar ni da wannan masifaffiyar."

Labule ya sauka. Mai roba ta ɗebi ɗan garin ƙanƙara a bakin cokali ta sa mata a harshe. Matar ta lumshe ido. Wani siririn ruwa ya gangaro ta gefen bakinta, Mai roba ta share da babban yatsa.

"Tana ƙarnin kifi."

"Ƙarya ne, ta tsakiya ce."

"Ƙara min." Ta tsotsa a hankali. Can ta buɗe ido. "Roba, ɗaga hannunki in gani."

"Na me?"

"Ɗaga dai. So nake in ga ko yana wuce kunne."

Mai roba ta haɗe rai. Sai kuma ta ɗaga hannun, da cokalin a ciki, har ya kusa taɓa igiyar shanya da aka ɗaura a ɗakin.

"Ashe lafiyarsa ƙalau."

"Ɗankwalina ne ya zame ranar."

"Ɗankwalin da ko guguwa ba ta taɓa ture shi ba."

A waje ana jin yarinyar tana matse tsumma a bokiti. Mai roba ta dubi labulen, ta sassauta murya, ta faɗi abin da ta ɗauko tun daga bayan kasuwa tare da kular.

"Taro mai zuwa ni zan amsa miki. Ki aika a gaya wa Malama."

"A'a."

Cokalin ya tsaya a iska.

"Yarinyar nan ita ke juya ni, ita ke kwashe abin da ba a faɗa. Abu ɗaya take yi min a gaban mutane, shi kuma in ƙwace? Ba ta da uwa, Roba."

"Ni na kawo ki ƙungiyar nan."

"Ke kika kawo ni."

"Ranar da kika tafi jinyar ƙanwarki, wa ya yi ta amsa miki har kika dawo? Jarina na taɓa, ban taɓa gaya miki ba."

"Na sani. Mai gwanjo ta gaya min tun a lokacin." Ta numfasa da ƙyar. "Ki saurara. Mai ƙanƙara ta yarinyar ce. Ita ta san ta. Ke ai ba ki taɓa sanin Mai ƙanƙara ba, ko sunanta bakinki bai taɓa kamawa ba."

"Bakina ne ya saba."

"Baƙin cikinki ne ya saba. Kin ɗauka ban sani ba?" Ta yi ɗan murmushi, leɓen ya ƙara tsagewa. "Amma in na jiyo ki ta kan katanga kina cewa Mai tsintsiya, sai in ji kamar ƙafafun nan ba su kumbura ba. Ita Mai tsintsiya dai ba wanda ya zo ya ce yana so. Tana nan inda kika bar ta."

Mai roba ta dubi cokalin da ke hannunta. Wannan ba shi ta zo nema ba. Me za ta yi da sunan da babu shi a rajista, wanda ba mai kira a gaban mata? Ta ci gaba da ba ta ƙanƙarar, cokali bayan cokali, har idanun suka rufe. Da za ta fita ta miƙa wa yarinyar kular ba tare da ta dube ta ba.

"Ki rufe da kyau. Kuma ki daka, kada ki ba ta guda."

Washegari ta sake komawa wurin mai kifi, da ranar da ta biyo baya. Tana zama ta ba da ƙanƙarar, su ɗan taɓa faɗa, ta tashi. Maganar amsawa ba ta ƙara tasowa ba. Ta dai lura cewa in barci ya fara ɗaukar mara lafiyar, hannun yarinyar take laluba.

Da hantsi abin ya faru. Mai roba na ƙofar gida tana ciniki da wata mata a kan baho, matar na cewa launinsa ya koɗe, sai ihu ya keto katanga.

"Umma! Umma!"

Ta saki bahon ya gangara kwata. Ko da ta ɗaga labule, an gama. Kan matar na kan cinyar yarinyar, tsumman ƙanƙarar na hannunta yana ɗiga. Mai roba ta yi salati, ta durƙusa ta gyara ƙafafun, ta ja zani ta rufe su. Cikin hawayen da ya cika mata ido, wani abu ƙarami mai kaifi ya soke ta: a kan cinyar wata ta cika. Ta nemi tsari daga tunanin, ya ƙi tafiya.

Gida ya cika da mata. An kira ɗan a waya, yana kan hanya da motarsa. Ana tsaka da koke-koke sai fitilar tsakar gida ta kama da rana tsaka, yaran layi suka sa ihu daga nesa. Firizar ta yi girgizar nan tata, ta fara gurnani, babu komai a cikinta.

"Ku kashe abin nan," in ji Mai manja.

"A bar ta," Mai roba ta ce. Muryarta ta fito da ƙarfin da bai dace da gidan rasuwa ba, har aka juyo ana kallon ta. Ba wanda ya taɓa firizar.

Ranar taro an bar gurbin marigayiyar a kan tabarma, ba mai son zama a wurin. Malama ta yi ta'aziyya, ta ce a ƙa'idar bankin, abin da ya rage a kan wadda ta rasu ya faɗi, ba za a bi kowa ba. Mai gwanjo ta ƙara da cewa ɗan ya bar wa Mai turare firizar ta ci gaba da juyawa, tunda shi kullum yana hanya. Aka yi ta "Allah Ya sa albarka." Mai roba ta ce amin, idonta na kan jan zaren da ke hannun yarinyar.

Malama ta buɗe rajista ta fara kira. Mai gawayi. Mai manja. Mai gwanjo. Bakinta ya riga tunaninta.

"Mai ƙanƙa..."

Ta tsaya. Duk aka dubi Mai turare. Yarinyar ta buɗe baki, babu abin da ya fito, ta cusa fuska cikin mayafi. Barandar ta yi tsit. Tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa kiran mace aka ji irin wannan shirun ba.

Tsohuwa Mai gawayi ta karkato kunne, ta dubi wannan ta dubi waccan.

"Wa aka kira ba a amsa ba? Mai tsintsiya ce?"

"Tana nan."

Mai roba ba ta san lokacin da ya fita ba. Hannunta har ya kai ga ƙullin da ke gefen zaninta, kafin ta tuna babu abin zubawa. Ta bar shi a nan. Malama ta dube ta na ɗan lokaci, ta sunkuya ta kira suna na gaba.

Da sassafe washegari Mai roba ta ɗauko tsohuwar tsintsiyarta daga bayan ƙofa, wadda ta gajarce har sai an sunkuya sosai. Ta share ƙofar gidanta. Da ta kai iyaka ta ɗan dakata, sannan ta zarce. Mai turare ta fito da kwanon wani mai shayi, ta tsaya turus a bakin ƙofa, makullin na kaɗawa a hannunta.

"Ina kwana, Anti."

"Ɗaga ƙafarki."

Yarinyar ta ɗaga ɗaya, ta ɗaga ɗayar. Tsintsiyar ta wuce ta ƙarƙashinsu. A bayan katanga firizar na ta gurnani, sawun shara kuma ya miƙe a kan ƙasa tun daga wannan ƙofar har waccan.